TARIHIN BUTUTUN DA YA SHIGA ZUCIYA

Gabatarwa

Idan a yau ciwo mai tsanani ya danne wa mutum ƙirji, aka garzaya da shi asibitin da yake da kayan aiki, mai yiwuwa ne ba za a tsaga masa ƙirji ba. Za a kwantar da shi ne bisa wani siririn gado idonsa biyu, a yi masa allurar kashe zafi a wuyan hannu, sannan a zura wani bututun roba mai kaurin tsinken tsintsiya cikin jijiyar jininsa, a yi ta tura shi har ya kai bakin zuciya. Likita yana kallon allo, yana ganin inda hanyar jini ta toshe, ya buɗe ta, a mafi yawan lokuta cikin abin da bai wuce awa guda ba. Wannan bututu shi ne likitoci suke kira kateta.

Shekaru ɗari da suka wuce, duk likitan da ya ce zai yi haka za a ɗauke shi ko dai mahaukaci ko kuma mai neman kisan kai. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda aka taso daga can aka zo nan. Mai karatu zai lura cewa mutane iri biyu ne suka yi aikin. Akwai masu ƙarfin hali waɗanda suka taka inda aka ce kada a taka, akwai kuma masu haƙurin ƙirga da rubutawa waɗanda suka biyo baya suna auna wa aikin ya amfana, wa kuma bai amfana ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma da ɗaya daga cikin ɓangarorin nan biyu ya rasa ɗan'uwansa, da ba a kai ko'ina ba.

Zuciya da jijiyoyinta

Zuciya tsoka ce wadda girmanta bai fi dunƙulen hannun mai ita ba, tana kuma harbawa kimanin sau 100,000 a kowace rana ba hutu. Ko da yake cike take da jini a koyaushe, ba daga wannan jinin da ke cikinta take samun abincinta ba. Tana da nata jijiyoyi guda biyu, ta dama da ta hagu, waɗanda suka fito daga gindin babbar jijiyar nan da ke raba jini ga dukkan jiki, suka kewaye ta kamar yadda rawani ke kewaye kai. Ta hagun takan rabu gida biyu, shi ya sa ake yawan cewa manyan jijiyoyin zuciya uku ne. Faɗin kowace bai fi milimita 3 zuwa 4 ba. Tun a ƙarni na 13, Ibn Nafis, likitan nan da ya tashi a Sham ya yi aiki a Alƙahira, ya rubuta cewa ta jijiyoyin da suka ratsa jikinta zuciya take samun abinci.

Da tafiyar shekaru, maiƙo yakan taru a cikin bangon waɗannan jijiyoyi ya daskare, musamman ga mai shan taba, da mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da wanda kitse ya yi yawa a jininsa. Idan hanya ta ƙuntata, jinin da ke wucewa yakan ishi zuciya lokacin da mutum yake zaune, amma da ya hau tudu ko ya ɗauki kaya sai ƙirji ya ɗaure. Wani likitan Landan, William Heberden, ya bayyana wannan ciwo dalla-dalla a 1768, ba tare da ya san musabbabinsa ba. Idan kuwa daskararren maiƙon ya fashe, gudan jini ya haɗu a kansa ya rufe hanya ruf, to tsokar da ke gaba takan fara mutuwa cikin mintoci. Wannan shi ne ake cewa zuciyar wane ta buga. An daɗe ana ɗauka cewa duk wanda haka ta same shi nan take yake mutuwa, sai a 1912 James Herrick na birnin Shikago ya nuna cewa da yawa sukan rayu kwanaki, wasu ma shekaru.

To amma duk wannan sani a kan gawa aka same shi. Babu wanda ya taɓa ganin cikin jijiyar zuciyar mutum mai rai.

Dawaki ne suka fara

Kafin ɗan'adam, dabbobi ne suka sha wahalar gwaji. A Ingila wani limamin coci mai suna Stephen Hales ya haɗa dogon bututun gilashi da jijiyar wata goɗiya, jini ya hau sama da ƙafa 8, ya kuma buga sakamakon a 1733. Wannan ne karo na farko da aka auna ƙarfin tafiyar jini. A 1844 Claude Bernard na Faransa ya zura ma'aunin zafi ta jijiyoyin wuyan doki har cikin zuciyarsa. Bayansa wasu Faransawa biyu, Chauveau da Marey, suka auna matsin jini a cikin ɗakunan zuciyar doki mai rai a farkon shekarun 1860, suka buga zanen yadda suka yi. A 1895 kuma Wilhelm Roentgen ya gano hasken nan da ke ratsa tsoka, wanda ake ɗaukar hoton eksire da shi.

Ke nan kayan aiki sun haɗu, sai dai tsoro bai gushe ba. Malaman likitanci na wancan zamani sun haƙiƙance cewa da zarar wani baƙon abu ya taɓa cikin zuciyar mutum, za ta rikice ta tsaya.

Saurayin Eberswalde

Werner Forssmann an haife shi a Balin a 1904. A 1929 yana ƙaramin likita mai koyon tiyata a wani asibiti da ke garin Eberswalde, arewa maso gabas da Balin. Ya taɓa ganin zanen dokin Chauveau da Marey a littafin karatu, abin ya zauna masa a rai. Tunaninsa shi ne, idan za a iya kai bututu cikin zuciya, za a iya zuba mata magani kai tsaye sa'ad da ta tsaya a ɗakin tiyata. Ya kai maganar ga shugabansa, shugaban ya hana, ko a kan majinyaci ko a kan shi kansa.

Forssmann bai ji bari ba. Makullin kayan tiyata yana hannun wata nas mai suna Gerda Ditzen, ya yi ta lallashinta har ta yarda, bisa sharaɗin a kanta za a yi gwajin. Ya kwantar da ita bisa gadon tiyata ya ɗaure mata hannu da ƙafa kamar da gaske, sai ya koma inda ba ta ganinsa ya yi wa kansa allurar kashe zafi a lanƙwasar gwiwar hannunsa na hagu. Ya tsaga jijiya ya zura irin bututun da ake sa wa masu ciwon ƙoda da mafitsara. Da ya kwance ta, suka taka tare zuwa ɗakin hoto, bututu na reto a hannunsa. A can ya ci gaba da turawa yana duban hoton a madubi, har bututun ya shiga tsawon santimita 65, bakinsa ya faɗa ɗakin zuciya na dama. Aka ɗauki hoto. Zuciyar ba ta tsaya ba.

A watan Nuwamba na wannan shekara ya buga gajeren rahoto tare da hoton a wata mujallar likitoci ta Jamus. Maimakon yabo sai ya sha zargi. Lokacin ya samu gurbi a babban asibitin Charite na Balin ƙarƙashin shahararren likitan tiyata Ferdinand Sauerbruch, wanda ya sallame shi, yana ganin abin da ya yi ya fi kama da wasan masu rufa-ido. Ya sake gwadawa a kan kansa sau da dama, daga bisani ya haƙura ya koma fannin ƙoda da mafitsara. Tarihinsa kuma yana da tabo wanda bai kamata a ɓoye ba, domin ya shiga jam'iyyar Nazi a 1932, ya yi aikin likitan soja a Yaƙin Duniya na Biyu, har Amurkawa suka kama shi fursuna. Bayan yaƙi ya yi aikin saran itace, sannan ya zama likitan ƙauye.

Masu auna abu

Da rahoton nan bai shiga takarda ba, da labarin ya ƙare a matsayin wautar wani saurayi. Amma rubutu yana jiran mai karanta shi ko bayan shekara nawa ne. A asibitin Bellevue da ke birnin Niyok, wasu likitoci biyu, Andre Cournand, haifaffen Faransa, da Dickinson Richards, suna neman hanyar auna yawan jinin da zuciya ke turawa a minti guda. Suka ɗauko dabarar Forssmann, suka fara a kan dabbobi, sannan daga 1941 suka shiga yi wa mutane. Sun yi wa ɗaruruwan majinyata, suna rubuta matsin jini da yawan iskar da ke cikinsa, har suka tabbatar cewa bututu zai iya zama cikin zuciya awoyi ba tare da lahani ba. Abin da mutum ɗaya ya yi da garaje, su suka mayar da shi ilmi mai ƙa'ida wanda za a iya koya wa ɗalibi.

A 1956 aka ba su lambar yabo ta Nobel su uku, Cournand da Richards da Forssmann, wanda a lokacin yake aikinsa na likitan mafitsara a wani ƙaramin gari, duniyar masana zuciya ta kusa mantawa da shi. Ya rasu a 1979, ciwon zuciya ne kuma ya yi ajalinsa.

Kafin wannan, a 1953, wani likitan hoto ɗan ƙasar Suwidin, Sven-Ivar Seldinger, ya kawo wata dabara mai sauƙi wadda ta kawar da buƙatar tsaga fata. A soka allura cikin jijiya, a zura siririyar waya ta cikin allurar, a zare allurar, sannan a bi kan wayar da bututu. Har gobe da wannan dabara ake shiga jijiya a duk duniya.

Kuskuren da ya buɗe ido

Shiga ɗakunan zuciya daban, shiga jijiyoyinta masu ciyar da ita kuma daban. Domin jijiya ta fito a hoton eksire, sai an ɗura mata wani ruwa mai sinadarin aidin wanda hasken ba ya ratsawa. Kowa ya yarda cewa idan wannan ruwa ya shiga jijiyar zuciya kai tsaye zai kore jini, zuciya ta rasa iska ta tsaya. Saboda haka sai a riƙa fesa shi a babbar jijiya daga nesa, ana fatan kaɗan ya gangara, hoton kuwa ya fito dishi-dishi.

Ranar 30 ga Oktoba, 1958, Mason Sones na asibitin Cleveland a Amurka yana duba wani saurayi ɗan shekara 26 mai ciwon ƙofofin zuciya. Ana dab da fesa ruwan a babbar jijiya sai bakin bututun ya zame ya faɗa cikin jijiyar zuciya ta dama, ruwan kuma ya tafi can gaba ɗaya. Sones ya zaburo da niyyar tsaga ƙirji. Zuciyar ta tsaya na 'yan daƙiƙoƙi, ya daka wa saurayin tsawa ya yi tari, da ya yi tari sai ta ci gaba da harbawa. Ga kuma hoton jijiyar ya fito tangaran, irin wanda ba a taɓa gani ba.

Wani da ya gode wa sa'arsa ya yi shiru. Sones kuwa sai ya yi tunani: idan zuciya ta jure ruwa mai yawa haka, to kaɗan da aka tsarma ba zai cutar da ita ba. Ya ƙera bututu na musamman, ya yi wa mutane fiye da dubu yana ajiye hotunansu, kafin ya buga cikakken bayanin hanyar a 1962. Gani ya kori ji. Daga nan likita ya iya nuna wa majinyaci da yatsa inda jijiyarsa ta ƙuntata da kuma yawan ƙuncin.

Hotunan Sones su ne suka share wa tiyata fage. Wani likita ɗan Ajantina, Rene Favaloro, ya shafe lokaci mai tsawo yana nazarinsu a wannan asibiti, a 1967 kuma ya fara yanko jijiya daga ƙafa yana dasa ta a zuciya domin jini ya zagaye inda ya toshe. A wannan shekara dai Melvin Judkins ya fito da bututai masu lanƙwasa ta musamman, waɗanda idan aka zura su ta matsematsin cinya kusan da kansu suke neman bakin jijiyar zuciya. Wannan ya sa aikin ya zama abin da likitoci da yawa za su iya koya.

Daga kallo zuwa gyara

Tiyatar Favaloro ta ceci rayuka, amma babbar tiyata ce. Sai an raba ƙashin ƙirji, a mafi yawan lokuta a tsayar da zuciya a miƙa aikinta ga inji, sannan a yi makonni ana jinya. Tambayar da ta rage ita ce, bututun da ya iya kai ido wurin, ba zai iya kai hannu ba?

Wanda ya fara amsawa shi ne Charles Dotter, likitan hoto a birnin Portland na jihar Oregon. Ranar 16 ga Janairu, 1964, aka kawo masa wata tsohuwa 'yar shekara 82 wadda yatsun ƙafarta suka fara ruɓewa saboda jijiyar cinyarta ta ƙuntata. Likitocin tiyata sun ce sai an yanke ƙafar, ita kuwa ta ƙi. Dotter ya zura waya ta ratsa ƙuncin, ya bi ta da bututu, ya kuma bi wannan da wani wanda ya fi shi kauri, har hanya ta buɗe. Ciwo ya lafa, miki ya warke, tsohuwa ta koma gida da ƙafafunta biyu. Duk da haka likitocin Amurka ba su karɓi abin ba, har laƙabin mahaukaci suka yi masa. A Turai ne aka riƙe dabarar, musamman a hannun wani Bajamushe, Eberhard Zeitler.

Wurin Zeitler ne Andreas Gruentzig ya ga aikin. An haifi Gruentzig a Dresden a 1939, ya baro Jamus ta Gabas yana saurayi, ya yi karatun likita a Heidelberg, sannan ya koma asibitin jami'ar Zurik a ƙasar Suwizalan a 1969. Ya lura da aibin hanyar Dotter: in ana son buɗe jijiya da faɗi, dole a huda fata da faɗin bututun, ga shi kuma turawar tana kankare bangon jijiya. Sai ya yi tunanin a ɗaura ɗan balan-balan a bakin bututu, ya shiga a saɓe, sai ya kai wurin a hura shi. Matsalar ita ce balan-balan na roba yakan kumbura ta inda ba tauri, ya bar inda ake so ya danna. Da yamma bayan an tashi daga aiki, a kan teburin kicin ɗin gidansa, shi da matarsa da mataimakiyarsa Maria Schlumpf da mijinta suka yi ta ƙera samfuri suna zubarwa. Wani masanin sinadarai da ya yi ritaya ya ba shi shawarar wata irin leda mai tauri, wadda idan aka hura ta takan tsaya a iya faɗin da aka tsara mata. A 1974 ya yi amfani da ita a jijiyar ƙafa. Daga nan ya ƙanƙantar da ita ya gwada a zuciyar karnuka, ya kai sakamakon taron likitocin zuciya a Mayami a 1976, inda mafi yawan waɗanda suka gani suka kaɗa kai suka wuce.

Ranar 16 ga Satumba, 1977, a Zurik, aka samu wanda ya dace: wani ma'aikacin inshora ɗan shekara 38, sa'an Gruentzig, mai ƙunci guda ɗaya a farkon babbar jijiyar gaban zuciya. An yi masa bayani cewa ba a taɓa yi wa mutum mai farke wannan aiki ba, ya zaɓe shi a kan tiyata. Likitocin tiyata suna tsaye a shirye ko da abin zai ɓaci. Aka hura balan-balan, aka saɓe shi, aka ɗura ruwan hoto, sai ga jini yana wucewa. Bayan shekara 10 cif aka sake duba wannan jijiya, aka same ta a buɗe.

Abin da ya fi ɗaukaka Gruentzig a idon masana shi ne yadda ya riƙe abin bayan nasara. Ya san cewa idan kowa ya ɗauki balan-balan ya shiga zuciyar mutane ba horo, gawawwaki za su taru, aikin kuma ya mutu. Saboda haka ya ƙi a sayar wa likita bututun sai ya zo ya koya. Daga 1978 ya riƙa shirya taro a Zurik inda yake aikin ana nuna shi kai tsaye ta talabijin ga likitocin da ke zaune a zaure, in ya yi kyau su gani, in ya ɓaci ma su gani. A rahotonsa na 1979 ya faɗi ƙarara cewa cikin majinyata 50 na farko, 32 ne kawai aikin ya yi nasara a kansu. A wannan shekara aka buɗe rajista a Amurka inda ake shigar da sakamakon aikin, mai daɗi da marar daɗi. Ya koma jami'ar Emory da ke Atalanta a 1980. Ranar 27 ga Oktoba, 1985, ƙaramin jirgin saman da yake tuƙawa ya faɗi a jihar Jojiya, ya rasu yana da shekara 46. Abin mamaki, a cikin wannan shekara guda Judkins da Dotter da Sones duk suka rasu.

Ragar ƙarfe

Rajistar da aka yi ta tona aibobi biyu na balan-balan. Na farko, hurawar takan yaga bangon jijiya, wani lokaci ɓallin ya faɗo ya rufe hanya nan take, sai an ruga ɗakin tiyata. Na biyu, cikin wata shida, kimanin mutum ɗaya cikin uku jijiyarsa takan sake tsukewa. Maganin da aka samo shi ne a bar wani abu a ciki ya tokare bango, kamar yadda mai haƙar rijiya yake ɗaure ta don kada ta rufta. Wannan abu wata 'yar raga ce ta ƙarfe mai siffar bututu, ana ce mata sitent. A 1986 Jacques Puel a birnin Tulus na Faransa da Ulrich Sigwart a Lozan ta Suwizalan suka fara sa ta a zuciyar mutum. Julio Palmaz, shi ma ɗan Ajantina, da Richard Schatz suka ƙera wadda ake ɗorawa a kan balan-balan, in an hura ta buɗe ta manne. Manyan gwaje-gwaje biyu da aka buga a 1994 sun nuna ta fi balan-balan shi kaɗai, hukumar kula da magunguna ta Amurka kuma ta amince da ita a wannan shekara.

Ita ma ta zo da nata. Jini yakan daskare a kan baƙon ƙarfe, sai da aka gano a tsakiyar shekarun 1990 cewa haɗa asfirin da wani magani na biyu mai hana ƙwayoyin jini mannewa yana rage wannan haɗari ƙwarai. Ban da haka, tsokar tabo takan tsiro ta cikin ragar ta sake cike hanya. Sai aka shafa wa ragar maganin da ke hana tsirowar, wanda asalinsa daga wata ƙwayar halitta aka samo shi a cikin ƙasar tsibirin Ista da ke tekun Fasifik. Eduardo Sousa ya fara sa irin wannan a Sao Paulo ta Burazil a 1999. A gwajin da aka buga a 2002 a kan mutum 238, babu ko ɗaya cikin masu raga mai magani da jijiyarsa ta sake tsukewa bayan wata shida, alhali kimanin kashi 26 cikin ɗari na masu raga zalla sun samu haka. Murna ta yi yawa, sai a 2006 rahotanni suka fito cewa jini yana iya daskarewa a kan irin wannan raga bayan shekara ko fiye. Aka koma aka sake ƙira, aka siranta ƙarfen, aka kuma tsawaita shan magani. Ta ɓangaren mashiga kuwa, Lucien Campeau na Kanada a 1989 da Ferdinand Kiemeneij na Holan a farkon shekarun 1990 suka nuna cewa ana iya bi ta wuyan hannu maimakon cinya, abin da ya rage zubar jini, ya kuma ba majinyaci damar tashi da wuri.

Inda ya fi amfani, da inda ya tsaya

Gruentzig ya fara ne da masu ciwon ƙirji na yau da kullum, amma inda aikin ya fi ceton rai wani wuri ne daban. A 1980 Marcus DeWood da abokan aikinsa a Amurka suka ɗauki hoton jijiyoyin mutanen da zuciyarsu ta buga, suka tarar cewa cikin waɗanda aka duba a awa huɗu na farko, kashi 87 cikin ɗari jijiyarsu a rufe take ruf. Wannan ya kashe wata tsohuwar gardama, ya tabbatar cewa gudan jini ne mai laifi. Aka fara ba da allurar narkar da gudan jini, wasu kuma suka ce a shiga da balan-balan kawai. Gwaje-gwaje uku da aka buga tare a 1993, da waɗanda suka biyo bayansu, suka nuna cewa buɗewa da bututu ta fi, muddin an yi ta da sauri. Shi ya sa asibitoci suke ƙoƙarin kada a wuce minti 90 tsakanin shigowar majinyaci da buɗe jijiyarsa. Idan kuwa ba za a iya kai shi ɗakin kateta cikin awa biyu ba, ƙa'ida ita ce a ba shi allurar narkarwa. Wannan batu ya shafe mu, domin a ƙasashenmu irin waɗannan ɗakuna kaɗan ne, kuma a manyan birane suke.

Ga mai ciwon ƙirjin da ke zuwa da aiki ya lafa da hutu kuwa, labarin ya sha bamban. Shekara da shekaru likitoci suna ganin cewa duk ƙuncin da ya fito a hoto ya cancanci raga, hankali ma yana karɓar haka. Amma da aka ƙirga sai lissafi ya ƙi. A 2007 wani gwaji mai suna COURAGE, a kan mutum 2,287 a Amurka da Kanada, ya nuna cewa waɗanda aka sa wa raga tare da magani ba su fi waɗanda aka ba magani kawai tsira daga mutuwa ko bugun zuciya ba. Wani mafi girma, ISCHEMIA, mai mutum 5,179, ya zo da kusan wannan sakamako a 2019. A Ingila ma an yi wani gwaji a 2017 inda aka shigar da mutum 200 ɗakin kateta, aka sa wa wasu raga aka ƙyale wasu ba tare da sun sani ba, duka kuma suna shan magani sosai, bambancin da aka samu a ƙarfin motsa jikinsu bai taka kara ya karya ba. Da masu binciken suka sake gwadawa a 2023 a kan mutanen da aka dakatar wa maganin ciwon ƙirji, sai ragar ta nuna tana rage ciwo. Ma'ana dai, ga irin waɗannan majinyata raga tana sauƙaƙa ciwo, amma ba a ga tana ƙara tsawon rai ba. Dalili kuwa shi ne cutar tana shimfiɗe ne a duk tsawon jijiya, raga kuwa santimita biyu ko uku take gyarawa, kuma sau da yawa maiƙon da ke fashewa ba shi ne wanda ya fi toshe hanya a hoto ba. Haka nan ga mai ciwon sukari wanda jijiyoyinsa da yawa suka lalace, bincike ya nuna tiyata irin ta Favaloro ta fi.

Kammalawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar jijiyoyin zuciya ta kashe kimanin mutum miliyan 9 a 2019, babu wata cuta da ta kai ta. Bututun da Forssmann ya zura a hannunsa ya zama ɗaya daga cikin manyan makaman yaƙi da ita, ana kuma yi wa miliyoyin mutane wannan aiki kowace shekara. Sai dai daga 1929 zuwa yau, kowane mataki sai da aka bi shi da awo kafin a san ƙimarsa. Cournand da Richards suka auna abin da Forssmann ya fara, Sones ya tara hotuna dubu kafin ya yi magana, Gruentzig ya rubuta mutum 18 da aikinsa bai yi wa amfani ba kusa da 32 da ya yi wa, waɗanda suka gaje shi kuma suka yarda a gwada sana'arsu ko da sakamakon zai rage musu kasuwa.

Abin da wannan awo ya bar wa mai karatu a fili yake. Ciwon da ya danne tsakiyar ƙirji ya ƙi lafawa, musamman in ya haɗu da gumi ko ɗaukewar numfashi, ko ya miƙa zuwa hannu ko muƙamuƙi, ba abin jira ba ne har gari ya waye, domin tsokar zuciyar da ta mutu ba ta dawowa. Wanda kuma aka riga aka sa wa raga, kada ya bar maganinsa don ya ji sauƙi sai da izinin likita. Barin taba, da kula da hawan jini da sukari, da rage maiƙo, da motsa jiki, su ne suke kare sauran tsawon jijiyar da bututu bai taɓa ba.